Halliru Mai Jita da Tsuntsayen Alhaji Sale

Halliru ɗan Taloka ne, kuma shi ya jawo wa kansa duk abin da ya same shi. Gara a faɗi wannan tun farko, don kada wani ya ɗora wa maƙiya ko sammu.

Yana saurayi ya tsallaka Birnin Ƙonni koyon gyaran babur. Bayan shekara shida ya dawo ba ko sifana ɗaya a aljihunsa, sai wata jar jita mai aiki da lantarki rataye a bayansa, irin wadda Buzaye ke kaɗawa. Amma nasa kiɗan ya fi nasu zafi. Yakan murɗa lasifika har ƙarshe, ya matse tsirkiya ta yi ta kururuwa har mutum ya ji abin a haƙarƙarinsa. Samari masu kallon waya suka ce wannan shi ake kira rok a ƙasashen Turawa. Kakarsa Turai, wadda ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsa, ta ce ita dai abin da kunnenta ya jiye mata, jaki ne ya faɗa rijiya.

Ya iya, wannan ba gardama. Shekara uku ba a yin biki mai suna a Goronyo ko Wurno ko Rabah ba tare da shi ba. Sai ya ɗauki ƙwaya abokiya. Mujahid, mai buga masa ganguna, shi ya fara miƙa masa, wai tana sa yatsu gudu. Daga ɗaya kafin wasa aka koma uku, daga nan ya yarda a ransa cewa ba shi ke kiɗan ba, ƙwayar ce. Mutum in ya kai nan, ya zama bawan abin da bai kai girman wake ba.

Ranar da dubunsa ta cika, biki ake yi a Goronyo na 'yar ƙanen Alhaji Sale, wani dattijo manomi wanda kunya ɗaya ce ta raba gonarsa ta shinkafa da ta Kaka Turai. Ladan ya kira La'asar, Halliru idonsa a rufe, bai ji ba. Alhaji ya yi magana sau biyu, ba a saurare shi ba, sai ya sunkuya ya zare wayar lasifika. Halliru ya juyo ya kai masa duka da kan jita. Haƙoran Alhaji biyu na gaba suka zube a kan tabarma.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a tsare. Aka sayar da babur ɗinsa aka sa wa Alhaji haƙoran azurfa. Alƙali kuma ya yi masa ɗaurin talala: shekara guda kada a ƙara jin jitarsa a inda mutane suka taru. In ya saɓa, wata shida a gidan yari, jitar kuma kotu ta karɓe ta har abada.

Ya koma Taloka wurin kakarsa. Makonnin farko ba daɗi. Jiki na rawa, gumi na zuba, barci ya ƙi. Tsohuwa ta tura jitar ƙarƙashin gadonta, ta yi ta ɗura masa kunun tsamiya tana zaginsa, har jikin ya lafa. Wata biyar bai sa ƙwaya a bakinsa ba, bai kuma taɓa tsirkiya ba. Dokar alƙali ta zame masa mafaka, domin a ransa ya tabbata ko an ba shi jitar yatsunsa sun mutu.

Ana nan shinkafar rani ta fitar da kai ta fara nono, sai ga jan-baki, tsuntsun da mutanen wajen ke ce wa buwa. Wanda bai taɓa ganin buwa ba ba zai gane ba. Da hantsi sukan taso daga ciyawar bakin Gulbin Rima kamar hadari, su sauka a gona, su tsotse wahalar wata huɗu kafin mutum ya gama shan fura. Kowa ya fito da abin da yake da shi: majajjawa, tsumma a kan sanda, igiya mai gwangwanaye daga wannan gefe zuwa wancan. Halliru ya hau rumfar tsakiyar gonar kakarsa yana jan igiya tun safe. Kwana biyu abin ya yi aiki. Rana ta uku ya ga tsuntsaye sun jeru a kan igiyar kanta, in ya ja sai su yi lilo.

Kaka Turai na zaune a gindin rumfa tana kallo. Ta ce, "Kai angona, wanga ja naka ko ƙuda ba shi tadawa. Tahi gida ka ɗauko jakin nan naka."

"Kaka, kin manta alƙali ya hana?"

"Cewa yay yi wurin taron mutane. Diba gabas, diba yamma. Ni kaɗai ta, kuma kunnena guda ya daɗe da mutuwa. Ihun da yak kore ni daga ɗakina shekara ukku, in bai kori tsuntsu ba, to ba shi da rana duniya da lahira."

Halliru ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba ni iyawa, Kaka. In ba da waccan aba ba, yatsuna ba su tahiya."

"To mi? Buwa ta biya ka ladan wasa, balle ta ce ka yi kuskure? Tashi, raggon miji."

Washegari ya ɗauko jita da lasifika da wani tsohon batirin mota a baro. Ya haɗa wayoyi. Da baƙin garken ya taso daga gulbi ya doso gona, sai ya runtse ido ya daki tsirkiya. Sautin da ya fita ba kiɗa ba ne, Allah ya sani, amma garken ya tsaya cak a sama kamar ya ci karo da bango, ya karkata gefe, ya bar gonar. Kaka ta tashi tsaye tana guɗa da ragowar muryarta.

Gwangwani magana ɗaya ya sani, shi ya sa buwa ke raina shi. Halliru ya lura in ya maimaita kiɗa ɗaya sau uku, sai tsuntsayen su fara saukowa. Dole ta sa shi sauyawa. Ya kaɗa duk abin da ya koya a Ƙonni, ya ƙare. Ya shiga waƙoƙin daka na mata, da na masunta, da na 'yan dambe, yana juya su a kan tsirkiya. Su ma suka ƙare. Sai ya fara ƙirƙira a tsaye, cikin rana, ba komai a cikinsa sai ɗumamen tuwo. Rana ta biyar yana tsakiyar wani sabon kiɗa da ya kwaikwayo daga bugun injin ban-ruwa, sai ya ga yatsunsa na gudun da ba su taɓa yi ba ko a lokacin ƙwaya uku. Ya tsaya yana kallon hannunsa, ya kwashe da dariya shi kaɗai har da hawaye. Ashe shekara uku ƙarya ya yi ta haɗiya da ruwa.

To, amma tsuntsun da aka kora ba sama yake kwana ba. Duk garken da ya bar gonar Kaka Turai, a gonar Alhaji Sale yake sauka.

Alhaji ya zo bakin kunya, rawani a karkace, haƙora na walƙiya. "Inna Turai! Ki hwaɗa ma jikanki, haƙorana ba su ishe shi ba sai ya haɗa da shinkahwata?"

"Haba Sale, tsuntsun Allah na. Mu munka rubuta musu adireshinka? Kuma kai da za ka gode mai. Sau biyu kana zuwa Makka rowa ta hana ka sa haƙori, sai da angona yat taimaka maka."

"Haka kinka ce?"

"Ni da nas san ka tun kana yawo ba wando, mi za ni ɓoye maka?"

Alhaji ya juya yana huci. Halliru na kan rumfa yana ji, bai sauko ba. Tun ranar bikin nan bai taɓa buɗe baki ya ba dattijon haƙuri ba. Kunya ta hana shi, kunyar da ba ta hana shi duka ba.

Da abin ya tsaya nan, da ba wanda zai kai shi gaban alƙali. Sai dai kiɗa mai daɗi ba ya ɓuya. Masu korar tsuntsu na gonakin kusa suka fara matsowa. Mata masu kai abinci gona suka riƙa tsayawa a kan gaɓar kanal, wato magudanar ban-ruwa. Rana ta tara har mai ƙosai ta kafa kasko. Halliru ya ɗaga kai ya ga mutum sun fi arba'in, samari na taka rawa ƙura na tashi, ana kiran sunansa kamar dā. A nan ya kamata ya ajiye jita. Ya san haka sarai. Maimakon haka sai ya sa ƙafa ya juya lasifika daga wajen tsuntsaye zuwa wajen mutane, ya ba su abin da suka zo nema har Azahar ta gota. Wani ya ɗauka a waya, kafin la'asar hoton ya kai Wurno. Kwana biyu sai ga masinjan kotu da sammaci. Alhaji Sale ya kai ƙara.

Aka sa zama bayan kwana huɗu. Jita ta koma ƙarƙashin gado, buwa kuwa ta yi sallah a gonakin kowa, ba ta ware na mai ƙara ba.

Ana gobe zama Mujahid ya same shi da rana a gindin dogon yaro. Ya ce, "Kada ka damu, abokina. Na samu mutum ukku da za su rantse tsohon hoto na, na bara. Kai dai ka ce ba ka ga kowa ba sai tsuntsu." Ya tura masa wata 'yar leda a tafin hannu. "Wagga kuma don gabanka shi daina hwaɗuwa gaban alƙali."

Halliru ya daɗe yana kallon ledar. Gidan yari ba wasa ba ne, ya ɗanɗana kwana goma sha ɗaya ya sani. Jitar kuma yanzu ne ya san tasa ce. Ya mayar wa Mujahid ledarsa, amma zancen shaidu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Har ya shiga kotu da safe bai san abin da zai faɗa ba.

Kotu ta cika da manoman Taloka. Shaidun Mujahid uku na zaune a benci na baya da sababbin huluna. Aka kunna hoton, alƙali ya kalla fuskarsa ba yabo ba fallasa. Masinja ne kawai aka ga yana kaɗa yatsan ƙafa, aka harare shi ya daina.

Alƙali ya ce, "Halliru, ka tuna sharaɗin da kotu tag gindaya maka?"

"Na tuna, Allah shi gafarta Malam."

"Wanga hoto na yaushe na?"

Halliru ya waiga. Ya ga Mujahid na ƙifta masa ido. Ya ga kakarsa ta zuba masa nata idon, ita da ta yi wata biyar tana dama kunu. In ya yi ƙarya, mutum uku za su ɗauki Alƙur'ani su rantse a kanta saboda shi. Ya juyo.

"Na ran Talata na. Da hwarko don tsuntsu nika yi, ba kowa sai kakata. Daga baya mutane sunka taru. Na gan su da idona, kuma ni da ƙahwata na juya musu lasifika. Ba wanda yas sa ni."

Masu sababbin huluna suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Alƙali ya ce, "To, ka hutar da mu. Umarnin kotu ba abin wasa ba na. Ka saɓa, hukunci ya hau kanka: wata shida, jita kuma ta zama ta kotu."

Kaka Turai ta dafe ƙirji. Amma wanda ya yi zumbur ya miƙe, Alhaji Sale ne.

"Wata shida? Allah shi gafarta Malam, shinkahwa kwana ashirin ya rage a yanke ta! Wa za ya korar muna buwa?"

"Alhaji, ba kai kak kawo ƙara ba?"

"Ni ƙarar tsuntsu nak kawo! Cewa niy yi shina koro min su. Kwana huɗun ga da yay yi shiru, abin da sunka ci min ya hi na da. Ni so nike a tilasta mai shi korar min nawa, ba a kai shi inda ba shi da amfani ga kowa ba."

Kaka ta ɗaga murya daga wajen mata. "Ashe kiɗan kaka so, Sale! Da ka hwaɗi tun can, da mun ba ka sadaka."

Dariya ta ɓarke har sai da masinja ya buga tebur. Manoma suka fara magana gaba ɗaya, kowa na faɗin abin da buwa ta yi masa. Alƙali ya ɗaga hannu, ya tambayi Alhaji yadda suke raba ruwan kanal a wajensu. Alhaji ya ce kowane layin gonaki da ranarsa da sa'arsa, tun zamanin da aka gina dam haka ake yi, ba mai tsallake wani.

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo, sannan ya ɗago. Ya ce doka ta ba kotu damar juya ɗauri gajere zuwa aikin al'umma, kuma ba don shinkafa kaɗai zai yi haka ba, sai don yaron ya faɗi gaskiya alhali ƙarya na zaune a benci tana jiransa. Ya ce za a raba kiɗan Halliru kamar yadda ake raba ruwa, layi bayan layi, kyauta, har a gama yanka. Duk mai son ji ya tsaya a bakin gonarsa da gwangwaninsa, ba taro. Jita kuwa tana hannun kotu, kotu kuma ta ba Alhaji Sale ajiya. A gidansa za ta riƙa kwana, shi zai kawo ta da safe, shi zai zare waya in an kira salla ko in mutane sun taru.

"Ranar da anka gama yanka, Alhaji zai dawo nan shi ba da shaida. In yac ce ka kiyaye, ɗauri ya hwaɗi, jita ta koma hannunka. In yac ce ka saɓa ko sau guda, wata shidanka na nan."

Halliru ya dubi dattijon da ya zubar wa haƙora, wanda yanzu ƙaddararsa ke bakinsa. A ƙofar kotu, gaban jama'a, ya cire hula ya durƙusa. "Baba Alhaji, na yi maka abin da ɗa ba shi yi ma uba, kuma ban taɓa ba ka haƙuri ba. Ka yahe min."

Alhaji ya shafa gemu. "Sai yau da wuyanka ya shigo hannuna?"

"Ko da ka ce a ɗaure ni, haƙurin dai bashinka na." 

"Tashi, ɗan banza. Na yahe. Gobe layina za a hwara, kada ka makara."

Kwana ashirin ɗin nan mutanen Taloka ba za su manta da su ba. Kowace safiya sai a ga Alhaji Sale a kan babur, babbar riga na kaɗawa, jar jita rataye a bayansa, mata na leƙe ta katanga suna dariya. Aka ɗora lasifika a amalanke ana zagayawa da ita. Daga kowane gefe gwangwanaye na amsa wa jita, kowa na rawa a bakin gonarsa shi kaɗai, har abin ya zama kiɗa guda mai faɗin fadama. Buwa in ta tashi nan ta nufi can, sai ta tarar amalanke ya riga ta. Ba a ce ba ta ci komai ba, ta ci rabonta, amma ta bar wa mutane nasu.

Alhaji ya riƙe aikinsa da gaske. Yakan zauna kusa da batir, waya a hannu, kunne a masallaci. Sau biyu samari suka fara taruwa, ya zare waya ya bi su da sanda. Halliru bai ko ɗaga gira ba. Wata rana aka kama Alhajin yana gyaɗa kai, ya ce ƙuda ne ya dame shi.

Ranar ƙarshe, ana yankan layin Kaka Turai, Halliru na tsakiyar kiɗan nan na injin ban-ruwa, wanda ya fi kowane daɗi, sai ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiya. Sauti ya ɗauke. Alhaji ya ɗago a fusace zai tambayi dalili, sai iska ta kawo muryar ladan daga cikin gari, siririya, da ƙyar ake jin ta.

Alhaji ya dubi wayar da ke hannunsa, ba a zare ba. Ya ce, "Kai wane irin yaro na? Aiki guda da alƙali yab ba ni, shi ma sai ka ƙwace?"

Suka gangara bakin kanal tare suka yi alwala.

Washegari Alhaji ya ba da shaida. Ɗauri ya faɗi. Sharaɗin hana wasa a taro kuwa alƙali bai rage ko kwana ɗaya ba, ya ce sai shekara ta cika, kuma daidai ne, domin yafiya ba ta goge horo. Alhaji ya miƙa wa Halliru jitarsa a cikin wata riga da ya sa tela ya ɗinka mata da ragowar shadda. Ya ce ba don komai ba, ƙura ce ta yi yawa a ɗakinsa. Ya kuma ce baɗi, in Allah ya kai mu, layinsa ne na farko, kada Inna Turai ta yi masa shigar sauri.

Da suka isa gida an jera buhuna a zaure. Halliru ya zauna a kan ɗaya, jita a cinya, ya ce, "To amarya, yanzu dai kin yarda mijinki makaɗi na?"

Kaka Turai ta juyo masa da kunnenta mai ji. "Har gobe jaki na cikin rijiya. Sai dai jakin ga ya kawo shinkahwa gida. Tashi ka ci tuwo."